Alkama Ba Ta Son Ƙishirwa, Ba Ta Kuma Son Ambaliya

Duk wanda ya bi hanyar Kano zuwa Zariya cikin hunturu, ya iso wajajen Kura da Kadawa, zai ga filaye kore shar alhali sauran daji ya bushe. Wannan albarkar madatsar ruwa ta Tiga ce, wadda aka gama a 1974. Sai dai da yawa daga cikin manoman rani sun ɗauka cewa yawan ruwa shi ne yawan amfani, watau muddin magudana na kawo ruwa, to, a cika fangali har baki. Wannan zato yana jawo hasara iri biyu: ta ruwa da ta alkamar kanta.

Bisa ƙiyasin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, alkama na bukatar ruwa milimita 450 zuwa 650 daga shuka zuwa girbi. Amma yadda aka raba wannan ruwa cikin kwanakin ya fi jimillarsa muhimmanci, domin akwai lokutan da ƙishirwa ke yi mata illar da ba ta gyaruwa.

Na farko shi ne kimanin mako uku bayan shuka, sa'ad da saiwoyinta na dindindin ke fitowa, tana shirin yin 'ya'ya. In ƙasa ta bushe a nan, 'ya'yan za su ƙaranta, zangarniya ma haka. Na biyu shi ne lokacin da ta yi ciki har zuwa fure, inda adadin ƙwayar kowace zangarniya ke tabbata. Na uku kuwa shi ne sa'ad da ƙwaya ke cika. In ta rasa laima sai ta motse, buhu ya cika amma ba nauyi. Shi ya sa ake son shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, don kada zafin Maris ya riske ta tana ɗanya.

To, yawan ruwa fa? Saiwa tana shaƙar iska kamar kowane mai rai. In ruwa ya kwanta a gona sai ta shaƙe, ganye ya yi rawaya, takin zamanin da aka saya da tsada ya zurare ƙasa inda saiwa ba ta kaiwa. In aka daɗe ana haka, ruwan ƙarƙashin ƙasa kan taso da gishiri da kanwa, su kashe gonar.

Ma'aunin yana hannun manomi. Ya tona kamar taƙi guda, ya damƙi ƙasar: in ta dunƙule, da sauran laima, in ta warwatse, lokacin ban ruwa ya yi. Jigawa na son ruwa kaɗan akai-akai, laka kuwa ta fi riƙe shi. Da zarar ƙwaya ta yi tauri, sai a tsai da ruwa.

Kada mu manta da darasin shirin ban ruwa na kudancin Tafkin Chadi a Barno, inda fari ya janye tafkin a shekarun 1980, ya bar manyan magudanu a bushe. Ruwan da mai gonar farko ya ɓarnatar, rabon mai gonar ƙarshen magudana ne. Masu iya magana sun ce, da muguwar rawa gara ƙin tashi.