Risho Ya Ƙi Kamawa? Yadda Ake Bin Matsalar Tukunyar Gas Daki-daki

A ƙauyukan arewacin Kano, daga Bichi zuwa Dambatta, Makoda da Kunchi, gona na manne da gona, gida na manne da gida. Itace ya yi tsada, karan dawa da na gero kuma ba ya kaiwa damina, shi ya sa tukunyar gas ke ƙara shiga gidaje. Ƙaramar silinda mai kilo 3 ko 6, wadda ake ɗaura wa risho a ka, ita ce abokiyar mai shayi, ɗalibin kwalejin Bichi da direban babbar mota a hanyar Daura. 'Yan kasuwa na kiranta kamp gas, domin asali don matafiya masu kwana a daji aka ƙera ta. A Amurka irin wannan iskar ce ke dafa abinci a motocin da aka mayar ɗakin kwana, kuma matsalolin can da na nan kusan ɗaya ne.

Bambancin shi ne a ƙauye mai gyara ya yi nisa, kuma dangar kara da rumbu suna dab da madafa. Don haka gyaran gas yana da ƙa'ida irin ta mai neman kuskure a manhaja: a bi hanyar iskar daga silinda zuwa harshen wuta, a taɓa abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada, sannan a wuce gaba. Wanda ya kwance komai lokaci guda ba zai san abin da ya lalace ba.

Kafin komai: akwai yoyo?

Gas ɗin girki cakuɗen butan da furofen ne, an matse shi ya zama ruwa. Lita 1 ta wannan ruwan tana komawa iska wajen lita 250, kuma da ta kai kusan kashi 2 cikin 100 na iskar ɗaki, tartsatsi ɗaya ya isa. Ta fi iskar shaƙa nauyi, saboda haka ba ta tashi sama, ƙasa take kwanciya, ƙarƙashin gado ko cikin kwata. Ita kanta ba ta da wari. Warin ruɓaɓɓen ƙwai da ake ji, sinadari ne aka zuba da gangan don hanci ya gane.

Idan aka ji warin, a rufe silinda, a buɗe ƙofa da taga, a fitar da yara. Kada a taɓa makunnin lantarki, kada a cire caja daga soket, kada a ƙyasta ashana. Kiran waya ma sai an fita waje. Idan abin ya fi ƙarfi, lambar gaggawa a Najeriya 112 ce.

Neman wurin yoyon kuwa da ruwan sabulu ake yi, a fili. A shafa kumfa a bakin silinda, a ragileta, da duk inda tiyo ya haɗu da ƙarfe. Inda kumfa ta riƙa kumbura, nan ne. Sau da yawa 'yar robar da ke cikin bakin silinda ce ta tsage ko ta faɗi a wurin ɗuri, kuma canza ta ba ya cin kuɗi. Amma idan jikin silindar ne ko gindin bawul ke yoyo, gyaran gida ya ƙare. Ba a liƙe shi da sabulu, ba a ɗaure shi da robar tayar keke, ba a kai shi wurin mai walda.

Mataki na 1: silinda

Girgiza silinda ba ya faɗin gaskiya, sikeli ne ke faɗa. A wuyan silinda ko gindinta akwai nauyinta idan ba komai a ciki, galibi bayan haruffan TW. A ɗora ta a sikeli, a cire wannan lambar, abin da ya rage shi ne gas. Da wannan lissafin ake kama mai ɗurin da ya tauye awo. Da shi kuma ake kama wanda ya cika ta fiye da kima, domin ƙa'ida ita ce a tsaya a wajen kashi 80 cikin 100, a bar wa ruwan wurin kumbura idan rana ta yi zafi. Silindar da aka cika maƙil aka bari a ranar Afrilu haɗari ce.

Mataki na 2: ragileta da tiyo

Wannan ya shafi babbar silinda mai kilo 12.5, wadda ke haɗe da rishon tebur. Aikin ragileta rage ƙarfin iskar kafin ta shiga tiyo. Idan akwai gas amma ba ya zuwa, a duba ko ragiletan ya zauna daidai ya yi ƙas. Wasu ragiletoci suna da kariya da ke toshe hanya idan iska ta kwararo da ƙarfi lokaci guda. Maganinsa a kashe risho, a rufe ragileta, a jira minti ɗaya, a sake buɗewa a hankali. Ragiletan da ya mutu sabo ake saya, ba a farke shi.

Sai a bi tiyo da hannu: ya lanƙwashe, ya tsage, ko ɓera ya ci? Tiyon ban-ruwa na lambu ba ya maye gurbin na gas, domin gas yana busar da shi har ya fashe.

Mataki na 3: risho

Iskar tana fita ta wata ƙaramar huda kamar ta allura, ta ja iskar waje ta gauraya da ita kafin ta kama. Ƙurar hunturu, miyar da ta tafaso ta zubo, yanar gizo-gizo da ginin zanzaro duk suna toshe wannan hanya. A bari risho ya huce, a raba shi da silinda, a goge da tsohon burushin haƙori, a hure hudar. Kada a soka ƙusa ko babbar allura, domin idan hudar ta faɗaɗa wutar ba za ta sake daidaita ba.

Idan ana jin fitar gas amma makunni ba ya kamawa, a kashe, a bar iskar ta watse, a gwada da ashana. In ya kama, matsalar ta tartsatsi ce: bakinsa ya jiƙe, ya yi datti, ko batir ya mutu a rishon da ke amfani da shi. Ashana ake fara ƙyastawa, sannan a murɗa gas.

Mataki na 4: launin wuta

Wuta mai lafiya shuɗiya ce, tana tsaye. Wadda ta koma rawaya tana baƙanta gindin tukunyar miya, iskar waje ce ta yi mata kaɗan. Asarar ba ta gas kaɗai ba ce: irin wannan wutar na fitar da kabon monoksaid, gubar da ke cikin hayaƙin janareta, mara wari mara launi. Alamominta ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Shi ya sa ba a girki a ɗaki rufe ko a kan mota da gilasai a ɗage, ba a kuma jin ɗumi da risho a daren sanyi.

Da asubahin hunturu wuta kan yi rauni, jikin silinda ya yi raɓa. Dalili shi ne butan yana daina zama iska a kusan digiri 0, furofen kuwa sai ƙasa da sifili da digiri 42. Ƙaramar silinda da ke aiki ba hutu tana sanyaya kanta, ƙarfin iskar ya ragu. A rage wuta ko a bar ta ta huta. Dabarun da ke yawo a TikTok, na kwantar da silinda ko kara ta da wuta, su ne ke kai mutane asibiti. Silinda a kwance ruwan gas take turowa, wuta ta yi tsiri har rufi.

Inda ya kamata a tsaya

Silinda tana tsufa. Hukumar SON ta ƙayyade mata shekara 15, kuma shekarar ƙira tana buge a jikinta. Wadda ta yi tsatsa a gindi, ta loɓa, ko aka yi mata faci, ta gama aiki ko da shekarunta ba su cika ba. Wuraren ɗuri kuma lasisinsu na hannun NMDPRA, hukumar da aka kafa a 2021, kuma mai saye yana da ikon tambaya. Roba, tiyo, kilif da goge risho aikin gida ne. Bawul da jikin silinda na masu sana'ar ne, don a unguwar da danga ke jingine da danga, gobarar gida ɗaya ta kowa ce.