Sola a gida: me doka ta ce?

Magidanci a Chikaji da ke son ɗora faifan sola a rufin kwanonsa ba ya buƙatar lasisi. Hukumar kula da lantarki ta ƙasa, NERC, tana neman izini ne daga mai samar wa kansa wutar da ta haura megawat 1, gida kuwa bai kai haka ba ko kusa. Dokar Lantarki ta 2023 ta kuma ba jihohi, har da Kaduna inda Chikaji yake, ikon tsara harkar wutarsu.

Tallafi fa? Ba a miƙa wa mutum a hannu. Shirin DARES, na dala miliyan 750 daga Bankin Duniya, kamfanoni yake biya ta hannun hukumar samar da lantarki a karkara, REA, don su sassauta farashi. Duk da haka, kuɗin batir ne ke karya aljihu.

Kafin ka biya, nemi shaidar NEMSA, hukumar da ke tantance masu haɗa wuta, wurin mai haɗawa. Siririyar waya kan ƙona inbata.