Mene ne zaren kabon, kuma yana jure ranar ƙasar Arewa?

A labaran motocin tsere ana yawan ambaton zaren kabon. Wani zare ne baƙi, siriri fiye da gashin kai, wanda ake samu ta hanyar gasa zaren roba a zafin da ya wuce digiri 1,000 ba tare da iskar oksijin ba. Ana saƙa shi kamar tabarma, a jiƙa shi da wani danƙo mai daskarewa, sannan a shafe samansa da fenti mai sheƙi. Ya fi ƙarfe rashin nauyi, kuma ba ya tsatsa. Kamfanin McLaren ne ya fara ƙera jikin motar tseren Formula 1 da shi a 1981. Yau ana ƙawata sitiyari, dashbod da ƙofofin motoci masu tsada da shi.

Zaren kansa yana daɗewa sosai. Raunin yana wajen danƙon da fentin: hasken rana yana sa su yi rawaya, su dushe, har su tsattsage. Ƙurar hunturu kuma tana karce su idan aka goge da busasshen tsumma.

Wannan ya shafi masu mota a garuruwan ƙasar Arewa kamar Gecheme, Dogondutsi da Tibiri, inda zafin Afrilu da Mayu ke haura digiri 40. Mai sayen mota ta hannu daga Kwatano ya duba da kyau, domin akwai ledar mannawa mai zanen kabon, wadda zafi ke ɓamɓarewa. Na gasken yana buƙatar inuwa, marufin gilashi, da tsumma mai laushi da ɗan danshi.