Yadda Ake Rabon Kuɗin Jami'o'i Da Kwalejoji

Attajiri ya san jari, malami ya san rabo. To, ga bayanin yadda dukiyar jama'a ke isa manyan makarantun Nijeriya.

Ƙofa biyu ce. Ta farko baitulmali. Jami'ar da Gwamnatin Tarayya ta mallaka, daga kasafin Tarayya ake biyan albashin malamanta. Wadda jiha ta kafa kuwa, jihar ke ɗaukar nauyinta. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe a 1962, ta koma hannun Tarayya a 1975.

Ƙofa ta biyu harajin ilmi. Bayan yajin aikin malaman jami'a na 1992, aka yi doka a 1993 cewa kamfanoni su riƙa ba da kashi 2 cikin 100 na ribarsu. A 2011 aka keɓe kuɗin ga manyan makarantun gwamnati kaɗai, aka sa wa asusun suna TETFund. A 2023 harajin ya kai kashi 3, daga baya dokar 2025 ta gama shi da waɗansu haraji wuri guda. Wannan kuɗi ba na albashi ba ne, na gine-gine ne da littattafai da bincike da ƙaro ilmin malamai.

Dokar 2011 ta kasa shi huɗu: biyu ga jami'o'i, ɗaya ga makarantun koyon sana'a, ɗaya ga kwalejojin horon malamai. A rabon shekara kowace jami'a tana samun daidai da 'yar'uwarta, babba ko ƙarama, ta Tarayya ko ta jiha. A 2024 kowacce ta sami wajen naira miliyan 1,900.

A nan gizo ke saƙa. Tsohuwar jami'a mai ɗalibai dubbai da rufi mai yoyo, rabonta ɗaya da wadda aka buɗe jiya. Kuma duk sa'ad da aka ƙara makaranta, hannuwa sun ƙaru, akushin kuwa ɗaya ne. Saboda irin wannan, a Agusta 2025 Gwamnatin Tarayya ta ce ta tsai da kafa sababbin manyan makarantu nata har shekara 7.

Masu iya magana sun ce, da haihuwar yuyuyu gara ɗaya ƙwaƙƙwara. Mutanen garin da ke roƙon a kafa musu jami'a, ya kamata su fara tambayar wa zai biya malamanta, da kuma daga rabon wa za a rage.