Tasirin Ƙaramin Ciwon Shanyewar Jiki a Kan Tunanin Tsofaffi

A cikin wannan takarda muna so mu jawo hankali ga wani ɓangare na ciwon shanyewar jiki wanda ba a cika kula da shi ba, watau irin tabon da yakan bari a tunanin dattijo bayan hannu da ƙafa sun warware.

Ciwon yakan auku ne idan jini ya yanke wa wani sashe na ƙwaƙwalwa, ko dai jijiya ta toshe ko kuwa ta fashe. Akan kira shi ƙarami idan alamunsa ba su tsananta ba: baki ya ɗan karkace, hannu ya yi nauyi, bayan 'yan kwanaki mutum ya miƙe. A shekarar 1965 likita Miller Fisher ya yi bayanin ƙananan ramukan da toshewar siraran jijiyoyi kan bari can cikin ƙwaƙwalwa, galibi saboda hawan jini. Ƙanƙantarsu ba ta hana su ɓarna, domin sukan katse hanyoyin da suka haɗa goshin ƙwaƙwalwa da sauran sassa.

Abin lura shi ne, ba tuna baya ne ya fi raunana ba. Dattijo yakan kawo labarin ƙuruciyarsa daki-daki, amma lissafin cefane ya gagare shi. Tunani ya yi nauyi. In mutum biyu suna magana lokaci guda ya rasa wanda zai bi. Ya soma aiki ya kasa tsara abin da ke biye. Iyali sai su ce rikicin tsufa ne. A ganinmu wannan kuskure ne, domin rikicin tsufa ba ya sauka dare ɗaya, kuma wanda aka yi wa wannan fassara ba a mayar da shi asibiti a tsare masa hawan jini. Nazarin da Pendlebury da Rothwell suka buga a 2009 ya nuna cewa wajen mutum ɗaya cikin 10 kan gamu da gushewar tunani bayan shanyewar farko, amma idan ciwon ya maimaita adadin yakan haura kashi ɗaya bisa uku.

To amma awon tunanin shi ma da sauran magana. Gwajin MoCA na 2005 ya fi wanda Folstein ya fitar a 1975 gano irin wannan rauni, sai dai yana buƙatar zana agogo da haɗa lambobi da baƙaƙe. Dattijon da bai yi boko ba yana iya faɗuwa alhali tunaninsa garau. Don haka wajibi ne likita ya tambayi waɗanda suke zaune da shi abin da yake iya yi kafin ciwon, da abin da ya daina.