Salsalar Gida A Intanet: Zumunci Ko Tonon Silili?

Wani sabon yayi ya shigo gidajen 'yan boko a Arewa, kuma ga alama ya zo da zama. A manyan gidaje da dama za ka tarar an sami wani matashi mai ƙwazo da ya ɗauki nauyin tattara sunayen dangi, tun daga kakan kakanni har zuwa jaririn da aka raɗa wa suna makon jiya, ya zuba su cikin manhajar kwamfuta, sannan ya ɗora a intanet domin ɗan'uwan da ke Legas da na Jidda da na Landan kowa ya san tushensa. Niyyar kyakkyawa ce, kuma ina cikin masu goyon bayanta. Sai dai kafin a kai ga ɗorawa, akwai abubuwan da ya kamata dattawan gida da 'yan bokonsa su zauna su tattauna, domin abin da ya shiga intanet ya zama kibiyar da ta bar baka.

Da farko dai, kada wani ya ɗauka cewa Bature ne ya koya mana kiyaye nasaba. Wanda duk ya tashi a Zariya ya san cewa salsala a nan ba hira ba ce, ita ce ke buɗe ƙofar sarauta ko ta rufe ta. Tun bayan da Malam Musa ya karɓi Zazzau a farkon ƙarni na 19, Sarki Makau ya nufi Zuba da jama'arsa, sarautar take zagayawa tsakanin gidaje huɗu: Mallawa, da Barebari, da Katsinawa, da Sulluɓawa. Lokacin da masanin nan ɗan ƙasar Jamaika, M.G. Smith, ya yi bincike a Zazzau a 1949 da 1950, a bakin dattawan birni ya sami jerin sarakuna da masu sarauta da dangantakar da ke tsakaninsu, wanda ya gina littafinsa Government in Zazzau na 1960 a kai. Haka kuma da Allah Ya yi wa Sarki Shehu Idris rasuwa a watan Satumba na 2020, bayan shekara 45 bisa gado, aka naɗa Ahmed Nuhu Bamalli, kowa ya ga yadda maganar gari ta koma kan waye ɗan wa, kuma jikan wa, da yadda sarauta ta komo gidan Mallawa bayan kimanin shekara 100 da barin Sarki Aliyu Ɗan Sidi. Ba a fada kaɗai ba, ko a zauren talaka, da nasaba ake raba gado, da ita ake sanin wanda aure ya haramta tsakani, da ita ake tantance waliyyi.

To amma akwai bambanci tsakanin birni da Tudun Wada, inda aka haife ni. Turawan mulkin mallaka ne suka keɓe wannan unguwa a wajen ganuwa, gaba da Ƙofar Doka, domin baƙi 'yan Arewa waɗanda ba haifaffun birni ba, kamar yadda aka keɓe Sabon Gari domin mutanen Kudu. Saboda haka mafi yawanmu tushenmu yana wani wuri: wannan kakansa Bakatsine ne da aikin gwamnati ya kawo, wancan Banufe ne, wani kuwa daga Barno ko Sakkwato ya zo neman ilimi, ya yi aure ya zauna. Gidajen sarauta suna da maroƙa da marubuta masu riƙe musu tarihi. Mu kuwa namu yana kan wata gwaggo ko wata kaka, ranar da ta koma ga Allah sai a wayi gari babu mai iya faɗin sunan ƙauyen da aka baro. Shi ya sa na ce rubutawar wajibi ce, ba ado ba. Tambayar ita ce yadda za a rubuta, da wanda za a bari ya karanta.

A matsayina na ɗalibin harshe, abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne suna. Bature ya kira abin bishiya, mai gindi ɗaya da rassa. Bahaushe ya ari kalmar Larabci ya ce salsala, wato sarƙa, sannan a cikin gida ya raba 'ya'ya ɗaki-ɗaki, ya bambance 'yan uba da 'yan ɗaki ɗaya. Manhajojin da ake amfani da su kuwa, galibinsu suna musayar bayanai ne da wani tsari mai suna GEDCOM, wanda cocin Momon na Amurka ya ƙirƙira a 1984 domin bukatun mabiyansa. Wannan tsari yana tsammanin kowa yana da sunan gida da ake gada daga uba zuwa ɗa, da ranar haihuwa a rubuce. Mu ba haka muke ba. Ɗan Musa Ibrahim shi ne Sani Musa, ɗan Sani kuma Kabiru Sani, sunan yana juyawa da kowane zuri'a. Wasu ma sunan garinsu suka ɗauka a makaranta, shi ya ba mu Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa, alhali ba duk mai amsa Kano ne ɗan'uwan Malam Aminu ba.

Bugu da ƙari, mutum ɗaya yana iya fitowa da suna uku. A takardar gado Abubakar ne, a wurin abokansa Garba, a bakin matan gida Habu. Usman shi ne Shehu, Ibrahim shi ne Iro, Abdullahi shi ne Audu. Ga sunan rana irin su Ɗanladi da Laraba, ga na yanayin haihuwa irin su Tanko, namijin da ya biyo mata, da Kande, macen da ta biyo maza. Ga kuma alkunya, inda uwa ba ta kama sunan ɗan fari, yaron da aka mayar wa sunan kaka kuwa a kira shi Abba ko Baffa har ya tsufa ba a ji sunansa na yanka ba. Idan mai cika manhaja bai san wannan ba, sai ya raba mutum ɗaya gida uku, ko kuwa ya haɗa Muhammadu biyu na gida ɗaya ya mayar da su ɗaya. A wurin rabon gado wannan ba ƙaramin al'amari ba ne. Shekaru ma haka suke. Kakanninmu da abin da ya auku suke lissafi: shekarar yunwar Kakalaba ta 1914, ko shekarar zuwan Sarauniya ta 1956. Wanda ya ga gurbin ranar haihuwa a buɗe ya cika shi da ƙiyasi, to ya rubuta ƙaryar da jikoki za su ɗauka gaskiya ce, don kawai sun gan ta a kwamfuta.

Sannan akwai dangantakar da manhaja ba ta san da zamanta ba. Wasu suna da gurbin ɗan riƙo, amma a duk waɗanda na duba ban ga na ɗan'uwan shayarwa ba, alhali nono yana haramta aure kamar yadda jini yake haramtawa. Babu inda za a nuna taubashi, kuma kawu da baffa kalma ɗaya ce a wurinsu. Mai son ganin nauyin waɗannan alaƙoƙi ya karanta Baba of Karo, tarihin wata dattijuwa da Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau, aka buga a 1954. Baba ba ta taɓa haihuwa ba, amma ta riƙi 'ya'ya ta aurar da su. A bishiyar Bature ita busasshen reshe ce. A gidan Bahaushe kuwa uwa ce.

Wannan duk matsalar tsari ce, ana iya gyara ta. Wadda ta fi ta nauyi ita ce ta sirri. A kowane gida akwai maganar da manya suka sani, suka zaɓi su yi shiru. Masana tarihi Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun ƙiyasta cewa lokacin da Turawa suka ci Daular Sakkwato akwai bayi tsakanin miliyan 1 zuwa miliyan 2 da rabi a cikinta. Dokar Lugga ta 'yanta duk wanda aka haifa bayan ƙarshen watan Maris na 1901, amma ba a soke bautar gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Ma'ana, a cikin gidajenmu akwai jikokin ƙwaraƙwarai, akwai jikokin mutanen rinji da aka yi shekara da shekaru ana kiransu dangi har suka zama dangi. A shari'a ɗan ƙwarƙwara ɗa ne cikakke, kuma sarakuna da yawa sun fito ta wannan hanya. Tsarin mulkin Nijeriya ma, a sashe na 42, ya hana a tauye wa mutum haƙƙi saboda yanayin haihuwarsa. Amma mun san halin mutanenmu idan aka zo binciken aure. Layi ɗaya a intanet yana iya rusa baikon yarinyar da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Na shaida irin wannan a wani gida da muke da alaƙa da shi. Yaro ya gama aikinsa, ya watsa wa dangi, sai wani reshe na gidan ya tarar an rubuta kalmar baiwa kusa da sunan kakarsu, kamar yadda wata tsohuwa ta faɗa masa. Ko gaskiya ne ko ba gaskiya ba, abin da aka ƙulla don zumunci shi ya sa ɗaki biyu suka daina gaisawa, har aka yi biki ɗaya bai je wa ɗaya ba. Ba duk gaskiya ce ake shanyawa a rana ba, balle wadda madogararta bakin mutum ɗaya ne.

Sai kuma batun tsaro. Mu dubi abin da cikakkiyar salsala take ƙunsa: sunan mutum da na matansa, sunayen 'ya'yansa da shekarunsu, garin da kowa yake, da aikin da yake yi, wani lokaci har da hoto. Mutanen Zariya ba su manta da harin da aka kai Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yuni na 2021 ba, ko na jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a watan Maris na 2022. Mai garkuwa da mutane babu abin da yake nema kamar ya san waye mai kuɗi a dangin wanda ya kama. Ɗan damfara kuma sunan mahaifiya da ranar haihuwa yake bukata, domin da irinsu ake tantance mai asusu a banki. Wanda ya buɗe salsalar gidansu ga kowa, ya yi musu rabin aiki kyauta.

Kada kuma a dogara da cewa kamfanonin ƙasashen waje suna da tsaro. A 2018 kamfanin MyHeritage ya bayyana cewa an sace adireshin imel na mutane sama da miliyan 92 daga rumbunsa. A 2023 masu kutse sun kwashi bayanan kusan mutum miliyan 7 daga 23andMe, mai gwajin ƙwayoyin gado, kuma mafi yawansu ba asusunsu aka fasa ba, ta hanyar 'yan'uwan da aka haɗa su da su aka kai gare su. A 2025 kamfanin ya shiga kotu kan karayar arziki, aka shiga cinikin kadarorinsa, ciki har da bayanan jama'a. A 2018 kuma 'yan sandan Kalifoniya sun kama wani tsohon mai kisan kai ta hanyar bayanan da danginsa na nesa suka ɗora a GEDmatch. Kamun ya yi kyau, amma darasin shi ne, idan ka ɗora naka, ka ɗora na ɗan'uwanka wanda ba ka shawarta ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta sassauta wa abin da mutum ya tattara don amfanin kansa da gidansa, amma bisa sharaɗin kada ya keta sirrin wani, kuma ta sanya asalin ƙabila da lafiya da ƙwayoyin gado cikin bayanai masu bukatar kulawa ta musamman.

To mene ne abin yi? Waɗanda suka riga mu sun bar mana misali. A ƙasar Ayislan an ɗora salsalar kusan dukkan al'ummarta a intanet tun 2003, amma sai mai lambar shaidar ƙasar ke shiga, kuma abin da ya shafe shi yake gani. Amurka ba ta sakin sunayen ƙidayar jama'a sai bayan shekara 72, Ingila kuwa sai 100. Mu ma muna iya shimfiɗa ƙa'idarmu. A raba littafin gida biyu: na magabatan da suka rasu, wanda za a iya nuna wa duniya bayan dattawan kowane ɗaki sun gani sun yarda, da na rayayyu, wanda zai tsaya a hannun 'yan gida kawai. Kada a sa sunan yaro ko hotonsa ba da izinin iyayensa ba. A rubuta kowane mutum da sunan yanka da laƙabi da sunan uwarsa da ɗakinsu, a buɗe gurbi na musamman domin shayarwa da riƙo. Kowace magana a faɗi wanda ya ba da ita da shekarar da ya faɗa, kamar yadda malamanmu suke kiyaye isnadi, inda aka sami saɓani kuma a kawo ruwaya biyun. A naɗi muryar tsofaffi tun suna raye, domin karin harshensu da kirarin da suke yi wa magabata su ma gado ne. Daga ƙarshe a buga a takarda, a ajiye kwafi a gida, na magabata kuma a kai irin su Gidan Arewa da ke Kaduna, domin kamfani yana iya rufewa gobe.

Ina kira ga takwarorina na sassan Hausa da tarihi da kimiyyar kwamfuta a jami'o'inmu da su haɗa kai su samar da manhajar da ta san ɗaki da nono da alkunya, maimakon mu riƙa yanke danginmu domin su shiga rigar da ba don su aka ɗinka ba. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Intanet yana iya nuna maka sunan ɗan'uwanka, amma ba zai kai ka gaisuwar rasuwa ba, ba kuma zai rufa masa asiri ba idan kai ka tona. Allah Ya ƙara mana zumunci, Ya jiƙan magabatanmu, Ya rufa mana asiri duniya da lahira, amin.