Wankin ƙoda na dare da rana: waɗanne majinyata ake yi wa shi?

Wankin ƙodar da aka fi sani shi ne na masu ciwon ƙoda da ya daɗe: sau uku a mako, awa huɗu kowane zama, mutum ya tashi ya koma gida. Amma akwai majinyacin da jikinsa ba zai ɗauki wannan ba. Shi ne wanda ƙodarsa ta tsaya farat ɗaya, sakamakon zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, ko ƙwayar cuta da ta shiga jini, ko zubar jini bayan haihuwa, ga kuma ƙarfin jininsa ya faɗi har sai an tallafa masa da magani.

Matsalar ita ce sauri. Idan na'ura ta janye lita biyu ko uku na ruwa cikin awa huɗu, zuciyar da ta riga ta galabaita takan gaza. Shi ya sa a sashen kula da masu tsananin ciwo ake bin hanya a hankali: a saka bututu a babbar jijiyar wuya ko ta cinya, jini ya riƙa ratsa matata awa 24 ba tsayawa, ana cire datti da ruwa kaɗan-kaɗan, kusan yadda ƙodar kanta take yi. Likita Peter Kramer ne ya fara wannan dabara a birnin Gotingen na ƙasar Jamus a 1977. Tana da amfani kuma ga wanda ƙwaƙwalwarsa ta kumbura, domin wankin gaggawa na iya ƙara kumburin.

Aikin yana cin kaya. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce mililita 20 zuwa 25 na ruwa ga kowane kilo na nauyin majinyaci a awa guda, wato mai kilo 70 zai ci kusan lita 34 zuwa 42 a kwana ɗaya. Jini na daskarewa a cikin matatar, sai an sa heparin ko sitrat, kuma ko ba ta toshe ba akan sauya ta bayan awa 72. Ga ma'aikacin jinya da ba ya barin gefen gado, ga wutar lantarki da ba a son ta ɗauke. Wannan ne ya sa asibitoci ƙalilan ke yinsa a yankin Sahel.

Sai dai kada iyali su ɗauka in babu wannan na'ura shi ke nan. Gwaje-gwajen da aka yi ba su nuna cewa ta fi wankin da aka saba ceton rai ba, in dai jikin majinyacin zai jure. Ana iya rage saurin na'urar yau da kullum ta yi awa 8 zuwa 12. Akwai kuma wanki ta fatar cikin ciki, wanda ba ya bukatar na'ura. Da shi asibitin Mbingo a Kamaru ya yi wa yara da dama jinya. Ƙodar da ta tsaya farat ɗaya sau da yawa takan farfaɗo cikin kwanaki ko makonni, sai a cire bututun.